Jijiya Mai Yawo da Gyambon Babban Hanji

Kalmar jijiya an ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta. Wadda ma'aikaciyar jinya take lalubawa a bayan hannu kafin ta sa ƙarin ruwa, jijiya ce. Wadda take gagarar haƙori a cikin nama, jijiya ce. Farin zaren nan da yake fita daga laka yana kai saƙo har ɗan yatsan ƙafa, shi ma jijiya muke ce masa. Ta farko jini take ɗauka, ta biyu ɗauri take yi, ta uku magana take kaiwa, amma sunan bai damu da bambancin ba.

Kada a ɗauka talaucin Hausa ne. A tsohon Girkanci neuron agara yake nufi, har tsirkiyar baka da shi ake kiranta. Nervus na Latin ma haka. Asab na Larabci ya haɗa agara da zaren saƙo, kuma tushensa ɗaurewa ne, shi ya sa yake gida ɗaya da ta'assubanci, wato ɗaurewar mutum ga ɓangarensa. Sai da likita Herophilus ya yi ta feɗe gawa a Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan aka fara ware mai ji da motsarwa daga mai ɗaure tsoka da ƙashi. Wadda nake magana a kanta a nan ita ce jijiyar saƙo.

A cikin jijiyoyin saƙon akwai waɗanda ba sa jiran umarnin mai jiki. Su ke ƙara wa zuciya gudu su rage mata, su buɗe ƙwayar ido a duhu, su tura abinci a hanji mutum yana barci. Hausa ta san aikinsu tun kafin kowa ya zana su a takarda: gabana ya faɗi, tsikar jikina ta tashi, gumi ya keto masa, yawuna ya tsinke, cikinsa ya ɗuri ruwa. A duba ginin waɗannan jimloli da kyau. Babu ɗaya da mutumin ne ya aikata aikin. Gaba ne ya faɗi, tsika ce ta tashi, shi mai jikin labari kawai yake bayarwa. Nahawun ya riga ya faɗi abin da masana suka shafe ƙarnoni suna nema wa suna.

Sun kuwa gwada sunaye da yawa. A 1807 Johann Reil na Jamus ya kira su jijiyoyin rayuwar tsiro, domin suna kula da abin da mutum ya yi tarayya da tsiro a kai: ci, girma, hayayyafa. Wanda ya karanta Ibn Sina zai gane wannan nan take, ita ce nafs nabatiyya da aka gada daga Aristotle. Har yau likitocin Jamus suna faɗin vegetativ. Walter Gaskell na Ingila ya fi son ya ce jijiyoyin da ba na ganin dama ba, kuma Larabawa suna da makamancinsa, la-iradi, marar irada.

Sunan da ya ci kasuwa shi ne autonomic, wanda John Langley na Jami'ar Kambirij ya kawo a 1898, bisa shawarar Richard Jebb, farfesan Girkanci a jami'ar. Autos kai ne, nomos doka: mai yi wa kansa doka. Hausa tana da fassarar da ta fi asalin ɗanɗano, cin gashin kai, gashi na gasawa, mutum ya gasa abinsa ya ci ba tare da jiran kowa ba. Shi kansa Langley ya yarda cewa kalmar tana nuna 'yanci fiye da wanda jijiyoyin suke da shi. Cin gashin kansu irin na ƙananan hukumomi ne, ana gudanar da harkar yau da kullum a gida, amma idan sama ta motsa kowa sai ya ji a jikinsa. Ƙwaƙwalwa tana da hannu dumu-dumu a lamarinsu.

Rassansu manya biyu ne, kuma a nan sunaye suka fi ban sha'awa. Na farko shi ne sympathetic. Galen, likitan ƙarni na biyu, ya yi imani cewa gaɓoɓin ciki suna taya juna jin ciwo ta wata hanya, ya kira wannan sympatheia, ji tare. A 1732 Jacob Winslow, ɗan Danmak da yake koyarwa a Faris, ya liƙa sunan ga sarƙar jijiyoyin da take bin gefen ƙashin baya. Da Larabawa suka zo fassarawa sai suka ce wuddi, tushe ɗaya da mawadda, ƙauna. To amma wannan reshe shi ne na firgici. Shi ke busar da baki, ya sa zuciya dukan uku-uku, ya janye jini daga hanji ya tura wa cinyoyi domin gudu ko faɗa, yanayin da Walter Cannon ya bayyana a 1915. Jijiyar tashin hankali ke nan take amsa sunan ƙauna. Da za a fassara ta kai tsaye a ce jijiyar tausayi, da an ɓatar da ɗalibi tun a darasin farko. Ni reshen zabura nake ce masa.

Na biyu Langley ya sa masa parasympathetic a 1905. Para gefe ne kawai. Sunan bai faɗi aiki ba, adireshi ya bayar: waɗannan suna fitowa ta sama da ta ƙasan wancan, daga gindin ƙwaƙwalwa da kuma tsatso. Larabci ya rabu biyu a kansa, wasu su ce nazir al-wuddi, takwaran mai ƙauna, wasu su ce la-wuddi, marar ƙauna, alhali shi ne mai kwantar da zuciya da kawo yawu da narkar da tuwo. Reshen natsuwa ya fi dacewa da shi.

Akwai na uku da ake yawan mantawa, wanda yake cikin bangon hanjin kansa, saƙa biyu na jijiyoyi da Georg Meissner ya gano a 1857 da Leopold Auerbach a 1862. Ana ce wa kowacce plexus, wato kitso a Latin, kuma duk wanda ya ga hotonsu zai yarda an yi kitson da kyau.

Babbar jijiyar reshen natsuwa ita ce vagus, ta goma a jerin tagwayen jijiyoyi goma sha biyu da suke fita daga ƙoƙon kai. Ma'anarta a Latin mai yawo, domin tana gangarowa ta wuya, ta leƙa maƙogwaro, ta ratsa zuciya da huhu, ta sauka ciki da hanji. Tsofaffin likitocin Faransa sun kira ta pneumogastrique, ta huhu da ciki, suna mai gaskiya amma marar armashi. Larabawa suna cewa mubham, wadda ba a fayyace ba, ko ha'ir, mai ɗimuwa, ko ta'ih, ɓatacciya. Waɗannan ban yarda da su ba. Yawo take yi, ba ɓata ta yi ba, ta san duk inda za ta. Kuma kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta labari suke ɗaukowa daga ciki zuwa ƙwaƙwalwa, kaɗan ne masu kai umarni ƙasa. Ta fi sauraro a kan magana.

Yanzu sai cutar. Turawan Ingila suna ce mata ulcerative colitis. Kolon babban hanji ne a Girkanci, shi ya shiga Larabci ya zama ƙaulun, kuma danginsa ne ƙulanj, murɗar cikin da Ibn Sina ya rubuta littafi a kanta, ita ce kuma ta yi ajalinsa a Hamadan a 1037. Ɗafin nan na -itis asalinsa ba ya nufin komai sai "na kaza", daga baya likitoci suka mai da shi alamar kumburi da zafi. Ulcus kuwa gyambo ne.

Ana danganta sunan ga Samuel Wilks na asibitin Guy's da ke Landan, a 1859. Ya duba hanjin wata mata, Isabella Bankes, wadda aka gurfanar da wani likita bisa zargin ya ba ta guba, ya ga abin da bai yi kama da atinin da aka sani ba. Likitoci da yawa da suka sake nazarin bayaninsa suna ganin abin da ya kwatanta ya fi kama da 'yar uwar cutar, wadda Burrill Crohn na Niyok ya bayyana a 1932, ta kuma ɗauki sunansa. Ta yiwu ke nan an raɗa sunan a kan wata jaririyar daban.

Faransawa ba su bi Ingila ba. Su rectocolite hémorragique suke cewa, kumburin dubura da babban hanji mai zubar da jini, kuma wannan ne sunan da mara lafiya zai gani a takardarsa a Yamai ko Maraɗi. Idan ya tsallako Katsina da takardar, cuta ɗaya ce mai suna biyu. A ganina na Faransa ya fi kusa da gadon mara lafiya. Cutar kusan kullum daga dubura take farawa, ta hau sama ba tare da tsallake wuri ba, tana cin fatar ciki ta hanjin kawai. Jini shi ne alamarta, gudawa da jini da majina, da matsuwar zuwa bayan gida ba shiri. Gyambon da sunan Ingilishi ya yi alkawari kuwa ba kullum ake ganinsa ba. Idan ba ta yi tsanani ba, fatar ja kawai take yi, ana taɓa ta jini ya fito.

A Hausa sunaye uku ne suke jiranta a bakin ƙofa, kuma kowanne na wata cuta ne. Mai ganin jini a bayan gida zai ce basir, aron Larabci, ya nufi mai maganin gargajiya. Idan da majina da murɗa zai ce atini, ya sayi Flagyl. Idan kuma likita ya furta ulcerative, kunne zai tsinci olsa, a koma gida a daina cin yaji a sha maganin gyambon ciki. Basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura a bakin dubura. Atini ƙwayar cuta ce da aka ci ko aka sha, ana kashe ta ta tafi. Olsa a can sama take, a ciki ko farkon ƙaramin hanji. Wannan kuwa garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar fatar hanjin mai ita, tana lafawa tana tashi tsawon rai.

Kumburi ba zai yi mana fassara ba, domin da an ce kumburin hanji mutane iska da cushewar ciki za su ji. Tsakanin miki da gyambo na zaɓi gyambo, saboda a kunnen Bahaushe gyambo shi ne ciwon da ya ƙi warkewa, ya yi kamar ya kame ya sake ɓarkewa. Gyambon babban hanji ke nan, da sharaɗin a riƙa faɗin "babban hanji" a cike.

Ina jijiyoyi masu cin gashin kansu suka shigo? Shigowarsu ta farko ba ta yi kyau ba. A 1930 Cecil Murray a Amurka ya danganta cutar da halin zuciyar masu ita. A 1950 Franz Alexander na Shikago ya sa ta cikin cututtuka bakwai da ya ce damuwar rai ce tushensu, tare da gyambon ciki da asma da hawan jini. Tunanin shi ne rikicin zuci yana bin jijiyoyi ya sauka a hanji ya cinye shi. A shekarun 1940 har an gwada yanke jijiya mai yawo da wuƙar fiɗa domin a katse hanyar, abin bai ɗore ba. Sakamakon wannan tunani, mutum yana zubar da jini ana tambayarsa yadda suke da mahaifiyarsa. Gyambon ciki ya fita daga wancan jerin bayan Barry Marshall da Robin Warren sun nuna ƙwayar cutar da ke haddasa shi a farkon shekarun 1980. Na babban hanji kuwa gwajin kotizon da Sidney Truelove da Leslie Witts suka wallafa a 1955 ya nuna cewa danne kumburin yana ceton rai.

Ragowar wancan ruɗani tana nan a cikin sunaye. Akwai wata matsalar hanji daban, mai murɗa da kumburin ciki da sauyin bayan gida, wadda ba ta da gyambo ba ta da jini. Larabawa suna ce mata ƙaulun asabi, babban hanji mai jijiya. A da Turawa ma suna sa mata colitis alhali babu kumburin da ɗafin yake nufi. A taƙaice da Ingilishi ita IBS ce, gyambon babban hanji da cutar Crohn kuma IBD. Harafi ɗaya ne tsakani, amma ɗaya ba ta raunata hanji, ɗayar kuwa tana iya kai mutum ɗakin tiyata.

Shigowa ta biyu da awo ta zo. Ba a iya sa wa jijiyar hanji ma'auni kai tsaye, don haka zuciya ake tambaya. Zuciyar mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida, tana ɗan sauri idan an ja numfashi, ta ɗan lafa idan an sauke, kuma wannan ɗan bambanci aikin jijiya mai yawo ne. Sai a sa mutum ya yi numfashi mai zurfi sau shida a minti, ko ya miƙe tsaye daga kwance, ko ya yi abin da littattafai suke kira da sunan Antonio Valsalva, masanin Italiya na ƙarni na 18, wanda a Hausa kalma ɗaya ce: yunƙuri.

A 1993 Stefan Lindgren da abokan aikinsa a Malmo ta Suwidin suka ba da rahoton raunin aikin jijiya mai yawo a wani kaso na masu gyambon babban hanji. A 2006 Raffaello Furlan da nasa abokan a Milan suka ga reshen zabura ya yi yawan aiki a masu cutar lokacin da take tashe, suka ba su clonidine, maganin hawan jini mai rage zaburar, suka ga sauƙi. Ƙananan bincike ne, kuma maganin bai shiga jerin abin da ake bayarwa yau da kullum ba. Amma alƙiblarsu ɗaya: zabura ta yi sama, natsuwa ta yi ƙasa.

A nan ya kamata a yi taka-tsantsan da suna. An ce an auna jijiyoyi, alhali zuciya aka auna. Mai gudawa da jini sau shida ko fiye a rana ga ƙarancin jini, ga zazzaɓi, ga ƙarancin ruwa, ga rashin barci, kowanne cikinsu yana sa zuciya gudu. Truelove da Witts ma sun sa bugun da ya haura 90 a minti cikin alamomin tsananin cutar. Don haka awon ya nuna jijiyoyin sun karkace, bai nuna su suka fara ba.

Abin da ya sa ba a watsar da zancen ba shi ne aikin Kevin Tracey a Niyok. A 2000 ya nuna cewa idan aka tsokani jijiya mai yawo ta ɓera da lantarki, jikinsa yana rage fitar da TNF, sinadarin da ke rura kumburi, wanda shi ne maganin infliximab yake toshewa a masu wannan cuta. Jijiya ashe tana iya tsawata wa garkuwar jiki. Da aka bi sawun saƙon sai aka ga ta saifa yake bi, jijiyar da take shiga saifa kuwa ta reshen zabura ce. Rassan nan biyu da ake koyarwa a matsayin kishiyoyi sun haɗa hannu a aiki ɗaya. Bruno Bonaz a Grenoble ta Faransa ya dasa wa wasu 'yan tsirarun marasa lafiya na'urar tsokanar jijiyar, ya wallafa sakamako mai ƙarfafa gwiwa a 2016, sai dai masu cutar Crohn ne.

Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin mai yawon nan tana da inda take tsayawa. A koyarwar da aka saba, ikonta yana ƙarewa wajen kashi biyu cikin uku na ɓangaren babban hanjin da ya gitta ciki. Daga nan zuwa dubura jijiyoyin tsatso ne suke riƙe da ragama. Gyambon babban hanji kuwa daga dubura yake farawa, daidai inda mai yawo ba ta kai ba. Su kuma jijiyoyin tsatson sunansu ma yana gaban alƙali: tun zamanin Langley ana lissafa su a reshen natsuwa, sai a 2016 Jean-François Brunet da abokan aikinsa a Faris suka ce bisa yadda suke tsirowa a jikin ɓera 'yan gidan zabura ne. Masana da dama sun ƙi yarda, gardamar ba ta mutu ba.

Akwai kalma ɗaya da ta ratsa labarin nan daga farko har ƙarshe: nikotin. Sunan Jean Nicot ne, jakadan Faransa a Fotugal da ya aika taba gida wajen 1560. Da nikotin Langley ya riƙa shafa wa ƙullin jijiyoyi a 1889 har ya gano taswirarsu. Saboda haka ne ake kiran wasu ƙofofin karɓar saƙo a jikin ƙwayoyin halitta masu amsa nikotin, kuma ta irin wannan ƙofa ce saƙon Tracey yake isa ga garkuwar jiki. A 1982 likitoci a Kadif suka lura cewa gyambon babban hanji ya fi kama waɗanda ba sa shan taba da waɗanda suka daina. An gwada liƙa nikotin a fata, ya ɗan taimaka wa wasu lokacin tashin cutar, bai hana ta dawowa ba, ga jiri da tashin zuciya. Babu likitan kirki da zai ce a kunna sigari saboda wannan. Taba tana tsananta cutar Crohn, balle abin da take yi wa huhu da zuciya.

Hukuncina shi ne jijiyoyi masu cin gashin kansu suna cikin maganar gyambon babban hanji, suna jin ciwon, suna kai rahotonsa sama, kuma damuwa da rashin barci suna iya taimaka wa cutar ta tashi. Amma ba su ne cutar ba, kuma zalunci ne a ce wa mai zubar da jini "tunani ne ya yi maka yawa." Ina roƙon masu shirin lafiya a rediyo da masu fassara a asibiti su daina cewa olsa ko basir idan wannan ake nufi, su ce gyambon babban hanji. Kai kuma mai karatu, idan jini da majina suka yi makonni suna fita, aka sha maganin atini bai tsaya ba, ka nemi a gwada bayan gidan, a kuma leƙa hanjin da na'urar kyamara. Cutar tana da magunguna, irin su mesalazine, kuma sun fi aiki idan an fara su da wuri.